Angela Lansbury: matar da aka tsufar tun tana yarinya, ta kuma yi kusan shekara 80 tana wasa

"Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce, ina ɗan taɓa wasan kwaikwayo a makaranta. Kwanaki na ci karo da wani tsohon shirin talabijin mai suna Murder, She Wrote, na wata dattijuwa mai binciken kisan kai, sai yayana ya ce min ai matar nan tun zamanin fim baƙi da fari take wasa, har wasan dandamali ta yi. Abin ya ɗaure min kai. Ta yaya mace za ta daɗe haka a harkar nan, alhali mu abin da muka saba gani jaruma ta yi shekara biyar ko shida ta ɓace? Kuma ni kaina duk wasan da za a yi sai a ba ni uwa ko gwaggo ko kishiya, ban taɓa fitowa a budurwar da ake so ba, har na fara tunanin in bari."

To ƙanwata, barka kadai. Yayanki ya faɗi gaskiya, sunan matar Angela Lansbury, kuma in na fahimce ki tambaya biyu kika haɗa a guri ɗaya: me ya sa ita ta daɗe, sannan ko wannan rol ɗin uwa da gwaggo da ake ta ɗora miki alama ce ta cewa ba ki da rabo a harkar. Abin dariyar shi ne amsar ta biyun tana cikin ta farkon, domin abin da kike kuka da shi, shi ne ainihin abin da ita ma ta yi shekara ashirin tana kuka da shi. Bari in bi miki a hankali, zan ɗan yi tsawo, ki yi haƙuri.

An haife ta a Landan ranar 16 ga Oktoba 1925. Gidansu gidan siyasa ne da wasa: kakanta George Lansbury shi ne shugaban jam'iyyar Labour ta Ingila daga 1932 zuwa 1935, mahaifiyarta kuma Moyna Macgill 'yar wasan dandamali ce 'yar asalin Belfast. Mahaifinta ya rasu tana shekara tara. Da yaƙin duniya na biyu ya yi zafi Jamus ta fara ruwan bamabamai a Landan, sai uwar ta kwashe su a 1940 suka tsallaka Amurka. Ta yi karatun wasa a New York, ta je Montreal a Kanada tana waƙa a wani kulob tana shekara 16 amma ta ce musu 19 take, daga nan suka koma Los Angeles inda ta kama aikin tsaron kanti a wani babban shago don su samu abin sawa a baka. Ki riƙe wannan, yarinyar ba sha'awa kaɗai ta shigo da ita ba, akwai uwa da ƙanne tagwaye da ake ciyarwa.

Yadda kamfani yake mallakar ɗan wasa a wancan zamani

Sai kin gane tsarin kafin ki gane matsalarta. A Hollywood ta shekarun 1930 da 1940 manyan kamfanoni irin su MGM da Warner Bros da Paramount su ne komai da komai. Su ke da filin ɗaukar fim, su ke da marubuta da daraktoci da teloli, su ke da gidajen sinima da za a haska fim ɗin, kuma su ke da 'yan wasan. Za ka sa hannu a kwantiragin shekara bakwai, ana ba ka albashi duk mako, amma ba kai za ka zaɓi fim ba. Abin da aka ba ka shi za ka yi. In ka ƙi, a dakatar da kai ba albashi, kuma a da har ƙara maka wannan lokacin ake yi a ƙarshen kwantiragin, sai da jaruma Olivia de Havilland ta kai Warner Bros kotu ta yi nasara a 1944 sannan aka daina wannan ƙarin. Kamfani ma yana iya ba da aron ka ga wani kamfanin kamar kayan haya, ya karɓi kuɗin.

A cikin wannan tsari MGM ta ɗauki Angela tana shekara 17, dala 500 a mako. Fim ɗinta na farko Gaslight na 1944, George Cukor ne darakta, Ingrid Bergman da Charles Boyer ne manyan jarumai, ita kuma 'yar aikin gida ce mai suna Nancy, mara kunya mai ɗaga hanci, irin 'yar aikin da take yi wa uwargida kallon raini tana kuma yi wa maigida fari da ido. Ana cikin ɗaukar fim ɗin ta cika 18. Fim na farko fa, sai ga sunanta cikin waɗanda ake takarar kyautar Oscar ta mataimakiyar jaruma. Shekara ta zagayo ta sake shiga takarar da The Picture of Dorian Gray na 1945, wadda ta kayar da ita a wannan karon kuwa ita ce Anne Revere, matar da ta fito a mahaifiyarta a National Velvet, fim ɗin da Angela ta yi yayar Elizabeth Taylor.

Yarinya ba ta kai 21 ba ta shiga takarar Oscar sau biyu, ai sai ki ce shikenan hanya ta buɗe. Ina! MGM na da kyawawan mata jibge, su Lana Turner da Ava Gardner, kuma a idon masu kamfanin fuskar Angela ba irin wadda ake bugawa a fosta ba ce. Tana da manyan idanu, ƙaramin baki, murya mai nauyi da wata irin nutsuwa ta manya, to sai suka ga ai sun samu wadda za ta riƙa ɗaukar rol ɗin da ya fi ƙarfin yara. A State of the Union na 1948 tana shekara 22 aka ba ta mace mai kamfanin jarida da ta haura arba'in, makira mai juya 'yan siyasa, tana gogayya da Katharine Hepburn a kan Spencer Tracy. A The Three Musketeers ta so a ba ta rol ɗin makirar kyakkyawa, aka ba Lana Turner, ita aka ce ta yi sarauniya. A Samson and Delilah na 1949 ta fito yayar Hedy Lamarr alhali Hedy ta girme ta da shekara 11. Wani abin haushin ma, a The Harvey Girls na 1946 an sa ta waƙa amma muryar wata aka ɗora mata tana motsa baki, irin dai yadda muka saba gani a finafinanmu na Hausa da na Indiya. Matar da daga baya waƙa a dandamali ce za ta maida ta tauraruwa, a lokacin ba a yarda tana da muryar waƙa ba.

A 1952 ta rabu da MGM. Lokacin ma tsarin ya fara rushewa, domin a 1948 kotun ƙolin Amurka ta yanke cewa dole kamfanonin su rabu da gidajen sinimarsu, ga talabijin ta shigo gidaje mutane sun rage fita kallo, kamfanoni suka fara sallamar 'yan wasan da suke biya albashi. A nan ne mata da yawa na zamaninta suka ɓace, musamman waɗanda kyau ne kaɗai jarinsu, da an ga sabuwa sai a manta da su. Ita kuwa ta yi aure da Peter Shaw a 1949 (auren farko da Richard Cromwell bai kai shekara guda ba), ta haifi Anthony a 1952 da Deirdre a 1953, ta riƙa karɓar duk abin da ya samu, ƙananan finafinai da wasannin talabijin da ake watsawa kai tsaye, waɗanda in ka manta layinka duk ƙasa na kallo.

Uwar kowa

Nan ne zan daɗe, don nan ne ke kike.

A 1960 a dandamalin Broadway, wato unguwar manyan gidajen wasa ta New York, ta fito uwar Joan Plowright a A Taste of Honey, tazararsu shekara huɗu. A 1961 ta fito uwar Elvis Presley a Blue Hawaii, ba ta kai ta girme shi da shekara goma cikakku ba. A 1962 ta yi uwar Warren Beatty a All Fall Down. A wannan shekarar dai ta yi uwar Laurence Harvey a The Manchurian Candidate, shi an haife shi 1928, wato shekara uku ta ba shi. Tana shekara 36 ana ce mata mama.

Yanzu duba abin da ta yi da na ƙarshen. Rol ɗin matar wani sanata ce, a fili mai kishin ƙasa da tsanar kwaminisanci, a ɓoye kuma ita ce take yi wa abokan gaba aiki, ɗanta da aka wanke wa ƙwaƙwalwa a yaƙin Koriya ita ce ke riƙe da linzaminsa don ya kashe wanda aka ce ya kashe. Frank Sinatra, babban jarumin fim ɗin, da farko tauraruwar barkwanci Lucille Ball ya so a ba, darakta John Frankenheimer ya nuna masa abin da Angela ta yi a All Fall Down, ya sauka. Wata da an ba ta wannan rol ɗin za ta yi ta zare ido da ɗaga murya don a san muguwa ce. Ita ba ta yi haka ba. A babban sin ɗin da take zayyana wa ɗan nata yadda zai yi kisan, muryarta ƙasa-ƙasa take, kamar uwa na tsara wa ɗanta yadda bikinsa zai kasance, kuma za ki ga a idonta ta yarda ɗari bisa ɗari cewa gaskiya take kai, har ma ita aka zalunta. Wannan ya kai ta takarar Oscar karo na uku, Patty Duke ta ɗauke, amma har gobe in ana lissafin miyagun mata na fim ɗin Amurka sai an sa ta.

Ni abin da nake faɗa wa ɗalibaina kenan kullum, kuma ba su son ji. Na shekara da shekaru ina koyar da wasa ina kuma shirya wasannin dandamali da ɗalibai, kuma duk shekara ranar rabon rol sai an yi fushi. Kowace yarinya budurwar take so. Alhali in kika ɗauki takardar wasan kika karanta da idon basira, budurwar nan mafi yawanci ba ta da abin yi, ana sonta ne kawai, ta yi murmushi ta yi kuka ta jira a yanke hukunci a kanta. Wadda ke da buƙata, wadda ke ƙulla abu ta kwance, wadda in ta shigo ɗaki kowa ya gyara zama, ita ce uwar ko kishiyar ko gwaggon. Akwai wata shekara da na ba wata ɗaliba rol ɗin uwar miji ta yi kwana uku ba ta zuwa rihazal, da ta dawo na ce mata ki daina tunanin tsufa, ki gaya min me matar nan take tsoro. Ta yi shiru ta ce tana tsoron ɗanta ya daina buƙatarta. Na ce to shi za ki yi, ba ruwanki da tafiyar tsofaffi da rawar murya. Ranar wasa ita aka tafa wa, har na manta wa ta yi amaryar.

Kuma akwai lissafi a ciki wanda ba ruwansa da fasaha. Rol ɗin budurwa wa'adinsa gajere ne, kuma kullum akwai sabuwa a bakin ƙofa. Rol ɗin uwa kuwa ba ya ƙarewa, wadda ta iya shi tana 25 za ta yi shi tana 45 ta yi shi tana 70, kullum ma ƙara dacewa da shi take yi. Masu kallo ba su taɓa ganin Angela ta "tsufa" ba saboda tun farko ba su san ta a yarinya ba. Abin da ya kashe kasuwar sa'o'inta, ita bai same ta ba.

Kada dai ki ɗauka daɗi ta ji. Ta sha faɗa a hirarraki cewa Hollywood ta tsufar da ita tun lokaci bai yi ba. Kuma ba zama ta yi tana jiran ladan haƙuri ba, da ta ga fim ba zai taɓa ba ta jagorancin labari ba, sai ta canja kasuwa.

Dandamali

A 1964 marubucin waƙoƙin dandamali Stephen Sondheim ya sa ta a wasansa mai waƙe-waƙe Anyone Can Whistle. Wasan ya faɗi warwas, sau tara aka yi shi aka rufe. Amma cikin 'yan tsirarun da suka gani akwai Jerry Herman, mai rubuta waƙoƙin wani sabon wasa Mame, shi ya tsaya kai da fata sai ita, duk da masu zuba kuɗi suna neman suna mafi girma. A 1966, tana shekara 40, ta hau dandamalin Winter Garden a New York a matsayin Mame, mace 'yar gayu mai barkwanci, tana waƙa tana rawa tana canja kaya ba adadi. Wannan ne karon farko da aka bar ta ta zama tauraruwa mai ƙyalli, kuma ta ci kyautar Tony, wadda ita ce babbar kyautar dandamalin Broadway. Ta sake ci da Dear World a 1969, da Gypsy a 1975, da Sweeney Todd a 1979. Ki ji wani abu: da aka zo maida Mame fim a 1974, ba a ba ta ba, Lucille Ball aka ba, ita dai wadda Sinatra ya so a wancan fim ɗin. Hollywood har lokacin ba ta yarda sunanta zai sayar da tikiti ba.

Mutane na ɗauka wasa wasa ne ko a ina, ba haka ba ne ko kusa. A gaban kamara ido ne ke aiki, in ka ɗaga gira ta yi yawa, kuma ana ɗauka gutsure-gutsure, yau a ɗauki ƙarshe gobe a ɗauki farko, in ka yi kuskure a sake. A dandamali babu sakewa, muryarka sai ta kai wa na kujerar ƙarshe ba tare da ka yi ihu ba, jikinka gaba ɗaya ne fuskarka, kuma a Broadway sau takwas ake yi a mako, wata da watanni, abu ɗaya, kuma kowane dare sai ya zama kamar yau ka fara jin maganar. Ni na ga 'yan wasan da suka yi fice a kamara na kawo su dandamali muryarsu ta mutu a layi na uku, na kuma ga gwanayen dandamali a gaban kamara kamar masu faɗa da wani a tsallaken titi. Samun wanda zai iya rage wutar ya kuma ƙara ta yadda wurin yake so, shi ne wuya.

A nan dole in yi miki gaskiya a kan iyakata. Ni ban taɓa zama a gidan wasa na gan ta da idona ba, abin da na dogara da shi a wasanta na dandamali shi ne faifan Sweeney Todd da aka ɗauka a Los Angeles aka fitar a 1982, da faifan waƙoƙin sauran, kuma dandamali a faifai kamar tuwon jiya ne, za ka gane hannun mai girkin amma ba zafin. Duk da haka ki nemi wannan faifan. Ta fito Mrs Lovett, mai sayar da burodin nama wadda ta haɗa baki da wanzami mai yanka mutane tana cusa namansu a ciki. Labari mai tada tsigar jiki, amma ta maida matar abar dariya da ban tausayi, mai ɗan rawar kai da son a so ta, kina dariya kina jin kunyar kanki.

Tsakanin nan rayuwa ma ta taɓa ta. A 1970 gobarar daji ta cinye gidansu na Malibu a California, ga yaranta sun faɗa harkar ƙwaya irin ta samarin California na lokacin, sai ta kwashe iyalin suka koma ƙauye a yankin Cork na ƙasar Ayalan, ta rage aiki har suka dawo hayyacinsu. Na kawo wannan ne don ki san daɗewar ba miƙaƙƙen layi ba ce, akwai shekarun da ta ja baya da kanta.

Jessica Fletcher

Shirin da kika gani ya fara a tashar CBS a ƙarshen Satumba 1984, tana gab da cika 59, shekarun da a Hollywood mace ta gama yayi tuntuni. Ba ita aka fara yi wa tayi ba ma, wata jaruma Jean Stapleton aka fara yi wa, ta ƙi. Jessica Fletcher, wato rol ɗin da Angela ta fito a shirin, bazawara ce, tsohuwar malamar makaranta mai rubuta littattafan binciken kisa, a wani ƙaramin gari na ƙirƙira Cabot Cove a jihar Maine, ko mota ba ta tuƙawa sai keke. Aka yi shekara 12 ana yi, kashi 264, daren Lahadi, kuma shekaru da dama yana cikin shirye-shirye goma da aka fi kallo a Amurka. A shekarar ƙarshe tashar ta maida shi daren Alhamis ya yi karo da shirin barkwanci Friends na wata tashar, masu kallo suka ragu, aka rufe a 1996, sai finafinan talabijin huɗu da suka biyo baya har 2003. Duk shekarar shirin sai an sa ta takarar Emmy, babbar kyautar talabijin ta Amurka, sau 12 a jere, ko sau ɗaya ba ta ci ba.

A ganina Jessica ba ita ce aikinta mafi wuya ba, ita da kanta ta san haka, amma ita ce mafi wayo. Talabijin wani abu take nema daban: mutumin da za ka yarda ya shigo falonka kowane mako ba ka gaji da shi ba. Ki lura da yadda take sauraro a shirin, rabin aikinta sauraro ne, baƙon jarumi na ta zuba ita tana kallonsa da 'yar fara'a, can sai ki ga idon ya ɗan tsaya, kin san ta kama ƙaryar. Kuma ta ƙi yarda a maida Jessica tsohuwa mai shirme ko a ƙaƙaba mata soyayya don a ja masu kallo. Daga 1992 ta zama babbar furodusar shirin ta kamfaninsu na iyali Corymore, mijinta na kula da harkar kuɗi da kwantiragi, ɗanta Anthony na ba da umarni, ƙaninta Bruce na cikin masu shiryawa. Yarinyar da MGM ke ba da aronta ta koma ita ke ɗaukar mutane aiki, kuma an san ta da gayyato tsofaffin 'yan wasan zamaninta da aka manta da su, har da wadda rashin lafiya ta zaunar a keken guragu, don su samu adadin aikin da zai riƙe musu inshorar lafiya ta ƙungiyar 'yan wasa.

Sauran bari in bi da sauri: muryar Mrs Potts, butar shayin nan ta katun ɗin Beauty and the Beast na 1991, ita ce. Bayan rasuwar mijinta a 2003 ta koma dandamali, ta ci Tony ta biyar a 2009 da Blithe Spirit, ta kai wasan Landan a 2014 ta ci kyautar Olivier, babbar kyautar dandamalin Landan, tana shekara 89. An ba ta Oscar ta girmamawa a 2013, Sarauniyar Ingila ta ba ta sarautar Dame a 2014. Ta rasu ranar 11 ga Oktoba 2022, saura kwana biyar ta cika 97.

Inda labarinta bai zo ɗaya da naki ba

Ba zan yaudare ki in ce ki yi abin da ta yi za ki samu abin da ta samu ba. Ita tana da kasuwa uku masu ƙarfi, in ɗaya ta rufe ƙofa ta ƙwanƙwasa ta biyu. Mu a nan dandamali bai zama sana'ar da za ta ciyar da mutum ba, yawanci a makarantu da bukukuwa yake ƙarewa, duk da dai finafinai masu dogon zango na talabijin da YouTube sun buɗe wata ƙofa, kuma su suna cin iyaye da gwaggonni sosai don labarin gida ne. Ita tana da ƙungiya mai fansho da inshora. Ta kuma auri mutumin da ya san harkar ciki da bai, ya yi aikin wakilcin 'yan wasa, suka yi shekara 53 tare yana tsaye a bayanta. A wajenmu kuwa kin fi ni sani, abin da ya fi fitar da mata daga fim ba tsufa ba ne, aure ne da matsin dangi da maganar mutane, kuma wannan ba abu ne da ƙwarewa a rol ɗin gwaggo za ta warware ba, magana ce tsakaninki da iyayenki da wanda za ki aura, ni ba ni da hurumi a ciki. Sannan akwai sa'a tsagwaronta, da Jean Stapleton ta ce to, da ba ki ma san da Angela ba balle ki yi wannan tambayar.

Ban kuma taɓa ganin wasanki ba, saboda haka ba zan iya ce miki ana ba ki uwa don kin iya ba ne ko don kawai kin fi sauran tsayi da kauri, duka biyun na faruwa a rabon rol na makaranta, ni ma na sha yi. Hanyar ganewa ita ce ki tambayi mai shirya muku wasan kai tsaye, cikin ladabi, me ya gani. In ya ce muryarki ce ko nutsuwarki, to kina da abin da ba a koyarwa cikin sauƙi. Ki roƙe shi ko sau ɗaya ya gwada ki a rol ɗin barkwanci, ba na budurwa ba, na barkwanci, domin a nan ake gane mai iya lissafin lokaci.

Kafin nan ga aikin gida. Ki nemi Gaslight, ki je sin ɗin farko da aka kawo Nancy neman aiki, ki kashe sautin gaba ɗaya ki kalli yadda take tsayuwa da inda take kai idonta in maigidan na magana da in uwargidan ta shigo. Sai ki ɗauko kashi ɗaya na Murder, She Wrote ki yi haka, shi ma ba sauti. Shekara 40 ne tsakaninsu. Ki rubuta abin da kika gani a takarda, ki tafi da ita rihazal ɗinku na gaba.